Koyon tuƙin jirgin sama ta hanyar ga-ni-ga-ka: mene ne rabonmu a ciki?

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai ya san irin addu'ar da ake yi lokacin da jirgi ya ɗaga. Ana roƙon Allah ya kai su lafiya ya maido su lafiya, daga nan kowa ya kama gabansa. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar inda mutanen nan biyu da ke zaune a gaban jirgin suka koyi aikinsu, ko kuma yaushe rabon da a jarraba su a ga abin da za su yi idan inji ya mutu cikin dare, a tsakiyar hadari.

Amsar ita ce, mafi yawan wannan jarrabawa ba a sararin sama ake yin ta ba. A ƙasa ake yin ta, cikin wani babban akwati da ke tsaye bisa ƙafafu shida, wanda za mu kira jirgin kwaikwayo. Cikinsa an ƙera shi daidai da ɗakin matuƙa na jirgin gaskiya, maɓalli da maɓalli. Ta tagogi matuƙi na ganin titin sauka, da fitilun gari, da gajimare, duk hoton kwamfuta ne. Ƙafafun suna karkata akwatin, suna girgiza shi, har jikin mutum ya yarda cewa tafiya ake yi. A manyan kamfanonin sufurin sama, matuƙi kan koma cikin wannan akwati kusan duk wata shida, komai yawan shekarunsa a aiki, kuma idan ya kasa ba zai sake tashi da fasinja ba sai an sake horar da shi.

Matsalar ita ce tsada da ƙunci. Jirgin kwaikwayo mai daraja ta ƙoli, wadda ake kira daraja D, kuɗinsa kan kai dalar Amurka miliyon goma ko fiye, wato biliyoyin sefa, ban da ginin da za a sa shi da ma'aikatan da za su kula da shi dare da rana. Sannan mutum nawa yake ɗauka? Matuƙa biyu, malami ɗaya a bayansu, sai kujera ɗaya ko biyu ta ƴan kallo. Zama guda kan ɗauki awa huɗu. Ɗalibai ashirin ko talatin da ke aji suna karanta yadda fukafukai ke ɗaukar jirgi, su dai allo da littafi ne rabonsu, sai ranar da layi ya zo kansu. Daga nan ne tunanin haɗa akwatin da aji ya samo asali: tun da ba za a iya shigar da aji cikin akwati ba, to a kawo abin da ke faruwa cikin akwatin gaban aji, kai tsaye, da hoto da murya, ta hanyar da yaranmu ke kira ga-ni-ga-ka idan suna hira da ƴan uwa ta salula.

Daga masana'antar kayan kiɗa

Tunanin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. A shekara ta 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar ƙera kayan kiɗa a garin Binghamton na jihar Niyok, ya yi amfani da zugazugin da ake sa wa waɗannan kayan kiɗa ya haɗa wani ɗan akwati mai juyawa da karkata. Da farko wuraren wasan yara ne suka fi saye. Sai a 1934, lokacin da aka ɗora wa sojan saman Amurka aikin jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka mutu cikin ƴan watanni saboda ba su saba tashi cikin duhu da hazo ba. Rundunar ta sayi akwati shida. A lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera fiye da 10.000, kuma matuƙan Amurka kusan rabin miliyon sun ratsa ta cikinsu.

Abin lura a nan shi ne inda malami yake zama. Ba cikin akwatin yake ba. Yana waje bakin tebur, yana magana da ɗalibi ta waya, gabansa kuma akwai taswira da wata ƴar na'ura mai tafiya a kanta tana zana hanyar da ɗalibin ya bi da tawada. Wato tun ranar farko akwai igiya tsakanin akwati da tebur. Abin da aka yi daga baya shi ne ƙara wa igiyar tsawo, daga taku biyar zuwa dubban kilomita.

Kyamara kuwa ta shiga akwatin ne sakamakon wani babban bala'i. Ran 27 ga watan Maris na 1977 jirage biyu samfurin Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin filin jirgin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM ba ɗan koyo ba ne, hasali ma shi ne shugaban masu horar da matuƙan wannan samfurin jirgi a kamfaninsa. Ya soma gudu don tashi ba tare da cikakken izini ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya nuna shakka ko ɗayan jirgin ya bar titin, amma bai nace ba, saboda wa zai ja da babba? Shekara ta gaba, a Disamba na 1978, wani jirgin kamfanin United ya faɗi kusa da Portland saboda mai ya ƙare, alhali kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyi. Daga nan masana suka gane cewa iya riƙe sitiyari bai wadatar ba, dole a koya wa matuƙa yadda za su yi magana da juna, babba ya saurari ƙarami, ƙarami ya iya buɗe baki. Hukumar NASA ta kira taro a kan haka a 1979, kamfanin United ya fara cikakken shirin horon a 1981.

To ta yaya za ka nuna wa dattijon kyaftin cewa ya katse mataimakinsa sau uku cikin minti biyu? Idan ka faɗa masa zai musa. Sai aka sa kyamara cikin jirgin kwaikwayo, bayan an gama a zauna a kalli kaset tare. Gani ya kori ji. A wurare da dama an riƙa goge kaset ɗin bayan an kalla, don matuƙa su saki jiki, su san ba za a kai hoton ofishin darakta ba. Mai karatu ya riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Yadda ake haɗawar

A aikace abin ba sihiri ba ne. Ana sa kyamara ɗaya ta ɗauki matuƙan biyu daga baya, wata ta ɗauki hannuwansu da maɓallan da ke tsakaninsu. Allunan awo, masu nuna gudu da tsayi da karkatar jirgi da ƙarfin inji, ba a ɗaukar su da kyamara, ana jawo hotonsu kai tsaye daga kwamfutar akwatin don lambobi su fito tas. Ana haɗawa da taswirar da ke gaban malami da kuma muryoyin da ke yawo cikin ɗakin. Duka sai a tura su aji, ko yana bene na sama ko yana wata ƙasa, a baje su kan babban allo.

Mu ɗauki misali. Malamin aji ya gama bayanin abin da ke faruwa idan gudun jirgi ya ragu, hancinsa kuma yana sama, har iska ta daina bin fukafukai yadda ya kamata, jirgi ya soma zubowa. A littafi zane ne da lissafi. Yanzu sai ya ce wa abokin aikinsa da ke cikin akwati a gwada. Ɗalibai na kallon lambar gudu tana raguwa, suna jin ƙarar gargaɗi, suna ganin hannun matuƙi. Shin zai tura sitiyari gaba, kamar yadda ilimi ya ce, ko zai ja baya kamar yadda tsoro ke cewa? Ana iya daskarar da akwatin a daidai wannan daƙiƙa, malami ya juyo ya tambayi aji me ya kamata a yi, a yi gardama, sannan a sake shi a ga sakamako. Mutum biyu ne ke tuƙi amma talatin ne ke koyo, kuma ranar da ɗayansu ya shiga akwatin ba zai ɓata rabin awa mai tsada yana neman inda maɓalli yake ba.

Wannan misali ba don ado muka kawo shi ba. Ran 24 ga watan Yuli na 2014 jirgin Air Algérie mai lamba 5017, samfurin MD-83, ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljas da tsakar dare. Kusan rabin awa bayan tashi, yana cikin sararin da cibiyar Yamai ke kula da shi, ya faɗi a yankin Gossi na ƙasar Mali da mutum 116, babu wanda ya tsira. Rahoton bincike da ya fito a 2016 ya nuna cewa ƙanƙara ta toshe na'urorin da ke auna ƙarfin inji saboda ba a kunna abin narkar da ita ba, injuna suka rage ƙarfi, gudu ya yi ta raguwa sannu a hankali, matuƙan ba su ankara da wuri ba, kuma ba su yi abin da ya dace ba lokacin da jirgin ya soma zubowa. Shekara biyar kafin nan, ran 1 ga watan Yuni na 2009, jirgin Air France 447 da ya taso daga Riyo zuwa Paris ya faɗa teku da mutum 228, nan ma ƙanƙara ta toshe ma'aunin gudu, matuƙi ya yi ta jan hancin jirgi sama. Waɗannan abubuwa ne da ba wanda zai gwada su da jirgin gaskiya. Akwati kawai ke iya nuna su, kuma gwargwadon yawan idanun da suka gani, gwargwadon amfanin.

Rabin daƙiƙa

Babban abokin gabar wannan tsari shi ne jinkiri. An daɗe ana shar'anta cewa a jirgin kwaikwayo mai babbar daraja, tsakanin motsa sitiyari da amsawar hoto da girgiza kada a wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan ya wuce haka matuƙi zai koyi tuƙin da ba na gaskiya ba, wani ma har ya ji jiri. Shi ya sa ba a tuƙa akwati daga nesa. Kwamfutar da ke lissafin tafiyar tana nan kusa da shi, abin da ke tafiya nesa hoto ne da murya.

Ga mai kallo kawai, jinkirin daƙiƙa ɗaya ba komai ba ne. Amma da zarar an ce mutumin nesa zai yi magana da matuƙi, lissafi ya canza. Tauraron ɗan adam irin na da yana tsaye a nisan kilomita 35.786. Saƙo ya hau ya sauko, kusan rubu'in daƙiƙa ke nan, tambaya da amsa rabin daƙiƙa. Jirgin da ke shirin sauka da gudun kilomita 260 a awa yana cin mita 72 a daƙiƙa, ke nan kafin umurni ya je ya dawo ya yi mita talatin da ƴan kai. Ga kuma yadda mutane biyu ke ta hawa kan maganar juna, abin da duk wanda ya taɓa kiran ɗan uwa a ƙasar waje ta tsofaffin layuka ya sani.

A shekarun 1990 da farkon 2000, taron ga-ni-ga-ka na tafiya ne ta layukan tarho na musamman, kowane layi na ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa. Sai an haɗa shida, a sami 384, kafin hoto ya yi kyan gani, kuma kuɗin kiran ƙasar waje sau shida ake biya. Fuskar mutum na fita, amma ƙananan lambobin allon awo sai su dagule. Yau ta zaren gilashi ana tura hotuna da yawa a lokaci guda, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Sojan Amurka kuwa tun shekarun 1980 suka fara haɗa akwatunan kwaikwayo da juna ta wani shiri mai suna SIMNET, inda tankoki da jiragen da ke sansanoni daban-daban ke haɗuwa a fili guda na kwamfuta.

Annobar korona ce ta tura kowa cikin ruwan. A watan Maris na 2020 ƙasashe suka rufe iyakoki, mu ma aka rufe filayen jiragenmu ga fasinjojin waje har farkon Agusta. Matuƙin da ya saba zuwa Turai ko Adis Ababa don jarrabawarsa ya rasa hanya. Hukumomi suka tsawaita wa'adin takardu na ɗan lokaci, hukumar kula da lafiyar sufurin sama ta Turai, EASA, ta fitar da ƙa'idojin koyarwa a ajin intanet cikin wannan shekara. Karatun aji ya koma allo, bayanin kafin shiga akwati da na bayan fita su ma a wurare da dama suka koma allo. Zaman cikin akwatin kansa ne bai motsa ba.

Kuma bai kamata ya motsa ba. A nan ne nake ganin haɗarin da ke tattare da zumuɗin wannan fasaha, domin duk abin da ke rage kuɗi akwai mai son a wuce gona da iri da shi. Lokacin da aka fito da Boeing 737 MAX, matuƙan da suka saba da tsohon samfurin an ba su darasi ne a ƴar kwamfutar hannu, wanda wasu matuƙan Amurka suka ce bai wuce awa ɗaya ba, ba tare da shiga akwati ba, kuma darasin bai yi bayanin wata sabuwar na'ura mai danna hancin jirgi ƙasa ba. Jirgin Lion Air ya faɗi a Indunusiya a Oktoba na 2018 da mutum 189, na Ethiopian Airlines ya faɗi ran 10 ga watan Maris na 2019 da mutum 157. Laifin farko na ƙirar na'urar ne, amma da aka ba jirgin izinin komawa aiki a Amurka a Nuwamba na 2020, an wajabta wa matuƙa shiga akwati tukuna. Kallo na shirya ƙwaƙwalwa. Hannu da jiki kuwa sai sun taɓa.

Ina Nijar a ciki?

Wani zai ce mu da ba mu da babban kamfanin jiragen sama tun bayan rushewar Air Afrique a 2002, me ya haɗa mu da wannan zance? Abin da ya haɗa mu yana nan cikin birnin Yamai, sai dai ƴan ƙasa da yawa ba su san darajarsa ba. Tun 1963 makarantar EAMAC ke nan, mallakar hukumar ASECNA da aka kafa a Saint-Louis na Senegal ran 12 ga watan Disamba na 1959, wadda ke kula da sararin sama mai faɗin murabba'in kilomita miliyon 16. A wannan makaranta ake horar da masu ba jirage umurni daga hasumiya da cibiyoyin kula da zirga-zirga, da masana yanayi, da masu gyaran na'urori, daga ƙasashe masu yawa na Afirka. Muryar da matuƙi ke ji idan ya ratsa saman Dakar ko Njamena ko Antananaribo, sau da yawa a Yamai aka gyara ta.

Su ma masu ba da umurnin da na'urar kwaikwayo ake horar da su. A al'adar irin waɗannan makarantu a duniya, ɗalibi na zaune gaban allon rada, a wani ɗaki kuma akwai mutanen da ke wasan matuƙa: suna amsa umurni ta rediyo suna danna kwamfuta jirgin ƙarya ya juya. Matuƙin wasa ba shi da inji mai ci da wuta, ba shi da fasinja, ba ya gumi, don haka yana amsawa nan take da murya mai sanyi. Can kuma a makarantar tuƙi, malami ne ke wasan mai hasumiya, yana yi yana duba wasu abubuwa goma. Kowane ɓangare yana koyo da abokin aiki na jabu. Idan aka haɗa ɗakin Yamai da akwatin ɗaliban tuƙi, alal misali na kwalejin Zariya da ke nan maƙwabta tun 1964, ko na Adis Ababa, ɗalibin hasumiya zai ji yadda muryar matuƙi ke canzawa idan abu ya ɓaci, ya koyi cewa akwai lokacin da taimako mafi girma shi ne ya yi shiru. Bayan an gama, ajin biyu su ga juna a allo, kowa ya faɗi abin da ya fahimta da abin da ya so a faɗa masa. Masu sha'awar tuƙi a gida sun daɗe suna yin makamancin haka ta intanet, a dandali irin IVAO da VATSIM, tun wajen shekara ta 2000.

Akwai kuma batun harshe. Tun watan Maris na 2008 hukumar OACI ta wajabta wa matuƙa da masu hasumiya da ke aikin ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 a Turancin Ingilishi. Ɗanmu da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci, ya yi lakwal da Faransanci, Ingilishi harshensa na uku ne ko na huɗu. Jimlolin da aka haddace suna isa a ranar lafiya. Ranar da matuƙi ɗan Habasha ko ɗan Turkiyya ke bayanin matsala da sauri, da irin lafazinsa, kunne ne ke aiki, shi kuwa kunne sai ya saba.

Cikas ɗin mun san su. An ɗauke kuran a tsakiyar darasi, an yi asarar awar da aka riga aka biya a can. Ba mu manta da abin da ya faru daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar mana. Ƙasarmu ba ta da teku, zaren intanet sai ya ratso ƙasar wani kafin ya iso. Zuwan Starlink a 2025, mai taurari a nisan kilomita 550 kacal, ya rage matsalar jinkiri ƙwarai, ko da yake dogaro da kamfani guda na waje shi ma abin dubawa ne. Sannan awannin da aka yi ta wannan hanya ba za su shiga littafin ɗalibi ba sai hukumar ANAC da takwarorinta sun amince da su a rubuce.

Saura batun kaset da muka ce za mu dawo kansa. A wurinmu, a ga kuskuren babba a gaban yara ba ƙaramin abu ba ne. Kyaftin mai furfura da ya san ɗalibai talatin na kallonsa daga wata ƙasa zai yi tuƙin nuna gwaninta, ba tuƙin koyo ba, mataimakinsa kuma zai ƙara kame baki don kada ya kunyata shi, wato ainihin ciwon da aka shigo da kyamara don magancewa. Makarantar da za ta fara wannan aiki dole ta raba zama biyu tun farko. Zaman nuni, wanda malamai ko masu sa kai ke yi da saninsu, shi za a tura aji. Zaman jarrabawa, wanda takardar mutum da abincin iyalinsa suka rataya a kai, ya tsaya tsakanin mutum uku cikin akwati. A kuma rubuta wa ke da ikon ajiye hoton, kwana nawa, da ranar da za a goge shi.